Amsa: yaran Haiti masu ciwon sukari, me ya sa insulin kyauta bai wadatar ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya me ya sa yara masu ciwon sukari a Haiti suke shan wahala alhali akwai ƙungiyoyin da ke raba insulin kyauta, ko jahilcin iyaye ne. Na yi aikin jinya a can da wata ƙungiyar agaji bayan girgizar ƙasar 2010, kuma ban yarda a kira shi jahilci ba.

Yawancin yaran nau'i na ɗaya ne ke kama su, wanda jiki ke daina yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai dai a riƙa ba yaro shi ta allura. Yaro lafiya lau sai ƙishirwa, sai fitsari ba ƙaƙƙautawa, yana ci yana ramewa. A wurin jama'a kuwa sukari ciwon dattawa ne da masu ƙiba, ba wanda zai kawo shi a ransa. Mutanen can sun raba cuta gida biyu: wadda Allah ya saukar, da wadda wani ya turo. Ramar da ba a gane kanta ba ta biyun ake jingina ta. Sai a nufi wurin houngan, wato jagoran addinin Vodou, ko mai maganin ganye, a dafa asosi, ɗan uwan garafunin nan namu. Kafin a iso asibiti yaro ya galabaita, wani ma ya suma. Mu ba ma hana uwa neman taimako inda zuciyarta ta natsu. Roƙonmu ɗaya ne, kada a ajiye allura ko da rana guda.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Insulin yana son ci a kan lokaci. Gidan da ba shi da tabbacin tukunya za ta hau wuta yau, idan aka yi wa yaro allura bai ci ba, sukarinsa zai faɗi, ya hau zufa da karkarwa, har ya shiɗe. Uwar da ta taɓa ganin haka da idonta, ranar da babu abinci ba za ta yi allurar ba. A takardar asibiti sai a rubuta ba ta bin umarni. Wallahi lissafi take yi, tana zaɓar haɗarin da ta ga ya fi sauƙi. Sannan a ce mata a rage shinkafa, masara, ayaba da rogo, alhali su ne cimar gidan. Takardun wayar da kai kuma da yawa da Faransanci suke, ita kuwa Kreyol, harshen mutanen ƙasar, take ji.

Akwai kunya. Matashi zai ɓoye allurarsa a makaranta don kada a ce ƙanjamau gare shi, 'yan mata kuma ana tsorata su da cewa ba za su haihu ba.

Cibiyar FHADIMAC mai kula da ciwon sukari da cututtukan zuciya, wadda aka kafa a 1987 a Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, tana ba yara insulin da tallafin shirin Life for a Child, akwai kuma asibitin Kay Mackenson kusa da Saint-Marc. Sai dai mai zuwa daga ƙauye kuɗin mota ne ke kayar da shi, ga rashin wutar firiji, sai a sa maganin a tulu mai sanyi. 'Yan daba sun tare hanyoyi, a 2024 har filin jirgin saman babban birnin sai da aka rufe.

Tun da rubutu kike yi a kai, ki duba wanda yake riƙe da yaron. Iyaye da yawa sun tafi neman kuɗi Jamhuriyar Dominika, Chile ko Amurka, kaka ko inna ce ke girki. Ita za a koya wa gwajin jini da alamun faɗuwar sukari, cikin Kreyol, a gidanta, a kuma tambaye ta sau nawa aka ci abinci jiya kafin a tsayar da awon allura.