Tambaya da Amsa: Azumin Kwana Arba'in a Zafin Damagaram

TAMBAYA: Ni 'yar Katolika ce. Kowace shekara ana shafa mini toka a goshi, amma idan maƙwabtana Musulmi suka tambaye ni yadda azuminmu yake, sai in kama kame-kame. Na ƙirga kwanakin kuma na samu 46, ba 40 ba. Ina gaskiyar take, kuma me wannan tsari yake ƙara wa mutum? Daga wata 'yar'uwa a Sabon Gari, Zinder.

AMSA: 'Yar'uwa, lissafinki daidai ne. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ta jajibirin Ista kwana 46 ne, amma akwai Lahadi 6 a ciki, ba a azumi kuwa ranar Lahadi domin ranar tashin Almasihu ce. Ki cire su, saura 40. Ita Ista, wato bikin tashin Almasihu, tana faɗuwa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, shi ya sa a nan Damagaram ƙarshen azumin yakan ci karo da zafin bazara.

Abin da dokar ikilisiya ta wajabta kaɗan ne. Ranar Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Ubangiji, wanda ya cika shekara 18 bai cika 59 ba zai ci cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Duk Juma'ar azumi, daga mai shekara 14 zuwa sama, a bar nama. Ruwa da magani ba sa karya shi, an kuma ɗauke wa marar lafiya da mai juna biyu da mai shayarwa. Wannan kaɗai ya isa ki faɗa wa maƙwabta. Kuskuren da muke yawan gani shi ne mutum ya wuni baki a bushe cikin rana mai dafa ƙwai, da dare kuma ya rama da tukunya biyu. Ba haka aka tsara ba.

Ki lura da abin da ake karantawa ranar toka: Matiyu sura 6, inda aka jera sadaka da addu'a da azumi tare. Abincin da kika rage ba naki ba ne kuma. Gidan da ya saba dafa tiya guda ta hatsi, ya ɗebi hannu biyu ya zuba a kwarya kowace Juma'a. Kafin Ista an tara abin kai wa gwauruwa ko marar lafiya, Kirista ne ko Musulmi. Idan zumuntar mata ta haɗa nata, a nan ne azumin ɗaiɗaiku yake zama na jama'a.

Majami'a ma tana azumi, kuma ita ce ke koya wa zuciya. Fada, wato limamin majami'a, yana sa tufa mai launin shunayya, a daina rera Halleluya, a rage furanni da kiɗa. Sau da yawa mawaƙa ne ke ɓata wannan, su ci gaba da ganga kamar ranar biki. Kunnen da bai yi kewar Halleluya ba, ba zai ji daɗinta daren Ista ba. Haka mai karatu: ya bita sau biyu a gida, idan an karanta da Faransanci a maimaita da Hausa saboda tsofaffi. Hanyar Gicciye ta ranar Juma'a, wato addu'ar tuna wahalar Almasihu mai matakai 14, a sa ta da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi.

Tokar kanta daga ganyen dabinon Lahadin Dabino na bara ake samunta, wato Lahadin da ke zuwa kafin Ista. A ƙona shi busasshe, a tankaɗe, a ɗiga ruwa kaɗan. In ya yi yawa sai ta zubo wa mutane a ido. Fada kan ce ki tuna ke turɓaya ce, ga turɓaya za ki koma, daga Farawa 3:19, kuma magana ɗaya ce ga babban ma'aikaci da mai tallan ƙosai, a layi ɗaya.

'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin bishara, waɗanda tushensu aikin mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne da ya fara a Zinder a 1924, galibi ba sa bin wannan kalanda. Fasto da dattawa ne ke sa ranakun azumi da addu'a. Ku kuwa kuna ƙarƙashin dayosis ɗin Maradi, wato yankin da bishof ɗin Maradi ke kula da shi, don haka ki tambayi katekis ɗinku, mai koyar da addini, ko bishof ya ƙara wani umarni a bana.