Ruwa a tankin kwamfaresa na hannu

Malam ka ce ka sayi kwamfaresa (injin matse iska) na hannu don fentin mota a Gusau, amma ruwa na biyo iska yana ɓata maka fenti, wai ko injin ne ya mutu? Injinka lafiya lau. Duƙa ka duba ƙasan tankin akwai wani ɗan famfo, kullum in za ka tashi daga aiki ka kashe injin, ka rage iskar, sannan ka kwance shi ruwan ya tsiyaye.

Iska in aka matse ta tana zafi, da ta huce cikin tanki sai danshin ya koma ruwa, da damina ma abin ya fi yawa. Ni ranar da na fara buɗe nawa ruwan da ya zubo ja wur kamar kunun kanwa da aka zuba wa tsatsa, mai shi na da bai taɓa kwance wurin ba. Ka sa matatar ruwa kafin tiyon fenti, ka riƙa duba man injin ta ɗan gilashin da ke jikinsa. Amma fa in ka ga tankin ya fara yoyo saboda tsatsa kar ka yarda a yi masa walda, yana iya fashewa, ka nemi wani tankin kawai.