Na biya a sa cibiyata ta farko a Google, yanzu ta ɓace gaba ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar cibiya a Mabera, muna yi wa yara masu shanyewar gaɓoɓi gashi, muna kuma gyaran keken guragu. Iyaye daga Wamakko da Bodinga sun sha cewa sun neme mu a waya ba su gan mu ba. Na ba wani yaro naira 60,000 don ya sa mu na farko a Google. Mun fito na 'yan makonni, yanzu ko sunanmu aka rubuta babu komai, shi kuma ya daina ɗaga waya. Shi ke nan an rufe mu har abada?

Wata mai cibiyar gashi, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, da alama dakatar da shafin cibiyarki na Google aka yi, kuma ana ɗaukaka ƙara a dawo da shi. Amma sai mun fara kawar da ƙaryar da ta ci miki kuɗi, don kullum da ita ake zo mini.

Ba a sayar da matsayi na farko a taswirar Google. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa babu hanyar biya ko roƙo a ɗaga mutum a wannan jeri, kuma buɗe Google Business Profile, wato shafin da ke nuna sana'ar mutum a taswirar, kyauta ne. Abin da kuɗi ke saya talla ce, ana sa mata alamar talla, ranar da kuɗin ya ƙare ta sauka. Jerin kuwa abu uku ke tsara shi: dacewar aikinki da abin da aka nema, nisan mai nema da ke, da yadda aka san ki. Dubi nisan nan kawai. Wanda ke Runjin Sambo da wanda ke Mabera ba jeri ɗaya suke gani ba, ko da kalma ɗaya suka rubuta. To na farko a wayar wa yaron ya yi miki alkawari?

Na san aikin irin waɗannan yaran. Sai su cusa wa sunan cibiya kalmomi irin "mafi inganci a Sakkwato", alhali ƙa'ida ita ce sunan da ke kan allonki. Sai su ja alamar taswira su dasa ta kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wai can ne masu nema suka fi yawa. Sai su tara abokai su zuba taurarin yabo biyar-biyar a shafin rana ɗaya, mutanen da ba su taɓa taka ƙofarki ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya jawo hukunci, ballantana a haɗa su.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba dakatarwar ba ce. Mai sayar da takalmi in aka karkatar masa da taswira, ciniki ya rasa. Ke kuwa uwa ce za ta goyo yaro ɗan shekara 8 da ba ya iya zama, ta biya Keke Napep daga tasha cikin ranar Sakkwato, a sauke ta inda babu ku. Wasunsu har danna alamar "keken guragu na iya shiga" suke yi a gidan da ke da matakala uku. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin ya wuce. In ba ki da gangara, zuba ta da siminti tukuna, sannan ki danna alamar.

Yanzu duba ko Gmail ɗinki na cikin masu iko da shafin. Yawanci da nasu suke buɗewa, su riƙe makulli. In ba ya ciki, bi ta wanda ya haɗa ku a matsa masa ya mayar miki da mallaka. Daga nan cire kalmomin cushe, mayar da alamar kan ƙofarki, ki ɗaukaka ƙara wurin Google da takardar rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), takardar kuɗin wuta, da hoton allo. Kada ki buɗe sabon shafi ana cikin duba ƙarar.

In an dawo da ke, rubuta bayanin aikinki da Hausa da Turanci yadda iyaye ke faɗa: gashi, shanyewar gaɓoɓi, gyaran keke. Tunda lungunanmu ba su da lamba, kwafi Plus Code na ƙofarki, wato gajeriyar lambar da taswirar Google ke ba kowane wuri, ki riƙa turawa a WhatsApp. Lambar waya da lokutan aiki su zama iri ɗaya a Google da Facebook, ki kuma buga su da rubutu, don TalkBack, mai karanta rubutun waya da murya da makafi ke amfani da shi, ba abin dogaro ba ne wajen karanta rubutun cikin fosta. Iyayen da suka gamsu ki roƙe su su rubuta ra'ayinsu, ba tare da tukwici ba. Hoton yaron mutane kuma kada ya hau shafin sai da yardar iyayensa, ko da wani ya rantse miki shi ke jawo jama'a.