Amsa ga mai tambaya kan FUSE: bar batun rubutu tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gina manhaja a kan FUSE (hanyar da Linux ke bari manhaja ta zama tsarin fayiloli) mai nuna fayilolin saba ta nesa kamar folda a kwamfutarka, karatu na aiki, kana so ka san ko lokacin ƙara rubutu da neman masu taya ka a GitHub ya yi. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ta nan aka cuce ni.

Tawa a nan Jos na fara ta, getattr da readdir da read, wato ayyukan duba bayanin fayil da jera abin da ke folda da karanta fayil, duk lafiya lau. Sai wani bawan Allah ya shigo, ya iya C ƙwarai, ba zan ci haƙƙinsa ba, mu biyu ke da ikon shigar da gyara a babban reshe, wato ainihin kwafin aikin a GitHub. Dare ɗaya ya ƙara ajiyar wucin gadi wai don rubutu ya yi sauri, ya sa fsync, kiran da ke tabbatar da bayanai sun ajiyu, yana mayar da sifili, wato an rubuta, alhali bayanan na zaune a RAM. Bai tuntuɓe ni ba, ko gwaji ɗaya bai rubuta ba. Akwai wata ɗaliba 'yar Unguwar Rogo da ke ajiye kundin digirinta a ciki saboda ta yarda da ni. Manhajar da take rubutu da ita irin masu ajiya a sabon fayil ce, ta kira fsync, sannan ta yi rename, wato ta ba sabon sunan tsohon ya danne shi. Rename ya isa saba, bayanan ba su isa ba, aka ɗauke wuta, batirinta dama ya mutu. Ta kunna ta tarar da fayil babu ko harafi, tsohon kuma an danne shi. Ni ta kira tana kuka har ba na gane maganarta. Da na samu mutumin sai ya ce ai lasisi ya faɗa babu garanti. Babu haƙuri, babu ya za a yi wa yarinyar nan. Ya kwafi aikin, ya canza suna, ya daina amsa saƙona. Mutumin da na riƙa saya wa data da kuɗin aljihuna! Allah ya isa ban yafe ba, har yau in na ga sunansa raina ɓaci yake.

Don haka ka bar ta a karatu kaɗai, ka hau da ita, wato ka maƙala ta a matsayin folda, da zaɓin -o ro na karatu kaɗai, mutane su saba da ita a haka. Ikon babban reshe kuma ka riƙe a hannunka, ko ɗan ɗakinku ne ya turo ka duba.

In ka zo rubutun, kada fsync ya amsa sai saba ta tabbatar. Kuskuren rubutu a flush, kiran da ke zuwa in ana rufe fayil, za ka mayar da shi, don abin da release, kiran ƙarshe na sakin fayil, ya mayar ba mai ganinsa, kuma flush na iya zuwa fiye da sau ɗaya a buɗewa guda. Ka kashe manhajar da kill -9 ana tsakar kwafi, ka sauke da fusermount3 -u, ka sake hawa ka ga me ya rage. Ka bi ta da pjdfstest da fsx, manhajojin gwajin tsarin fayiloli. Af, intanet ɗinmu ka san halinta: in ba ka sa wa'adin jira ba, ls kawai, umarnin jera fayiloli, zai maƙale har mutum ya zaci kwamfutarsa ce ta lalace. Gara ka mayar da -EIO, alamar kuskuren karatu ko rubutu.

Misalan da ke yawo da yawa na libfuse 2 ne, tsohon zubin laburaren FUSE, na 3 ya fito tun 2016 kuma readdir da rename sun canza siffa. Ka zauna da passthrough.c, misalin da ke zuwa da libfuse, da code ɗin sshfs, manhaja irin taka mai bi ta SSH, Miklos Szeredi ne ya fara rubuta ta, shi ɗin da FUSE ɗinsa ya shiga Linux 2.6.14 a 2005. Masu roƙon Windows ka ce su jira, WinFsp, takwaran FUSE na Windows, wani aikin ne daban.

Turo min mahaɗin ta bayan fage, zan duba rename ɗinka ƙarshen mako in Allah ya kai mu.