Ganin wata: lissafin falaki ko shaidar ido?

Tambaya: Malam, duk shekara sai an yi ja-in-ja a garinmu kan watan azumi. Masana falaki su ce ba zai ganu ba, wasu kuma su rantse sun gani. Wa za mu bi?

Amsa: Ɗan'uwa, kowa da nasa aikin a nan. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya rataya azumi ne a kan gani, in gari ya yi lumshi a cika talatin. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗaukar azumi da lissafi kaɗai. Masanin falaki ba shi ke sanarwa ba, a Najeriya wannan na Sarkin Musulmi ne, bayan an tantance shaidu.

Amfanin lissafi yana wajen tantancewar. Daga haihuwar wata (lokacin da ya gitta tsakanin duniya da rana) zuwa haihuwa ta gaba kusan kwana 29 da rabi ne, kuma ana sanin lokacin har minti. Mutanen Katsina da Gusau ba su manta husufin 29 ga Maris 2006 ba: an faɗi ranar da sa'ar tun tuni, kuma duhu ya sauko da hantsi kamar yadda aka ce. Da wannan lissafin ake sanin ko wata zai riga rana faɗuwa. To, idan ya riga ta, me mutum ya gani a yamma bayan magariba? Ba lalle ƙarya ya yi ba. Zara kan ruɗi ido, haka tsinken gajimare ko farin layin da jirgin sama ke bari, balle a lokacin hazo.

Imam Subki, malamin Shafi'iyya na ƙarni na 14 na Miladiyya, ya tafi a kan cewa in lissafi ya tabbatar gani ba zai yiwu ba, a mayar da shaidar. Malamai da yawa sun saɓa masa, amma ni ra'ayinsa ya fi kwanta mini. Ai jadawalin salla da ke manne a bangon masallacinku ma lissafi ne, ban ji wanda ya fita auna inuwa kafin Azahar ba.

Saboda haka ka bi sanarwar hukuma. In kuma wani ya ce ya gani, a tambaye shi cikin mutunci: ƙarfe nawa, ta wane gefen inda rana ta faɗi, ƙahonnin ina suka fuskanta?