Tambayoyinku kan fasaha: waya, GPS da taka birki a filin tsere

Tambaya: Malam, barka da aiki. Duk sa'ad da na je Dubai saro kaya nakan leƙa filin tseren motoci a ranar da ake barin 'yan koyo su shiga. Na sa RaceChrono, manhajar auna gudu da lokacin zagaye, a wayata, amma kowane zagaye wurin da take nuna na taka birki daban yake, alhali na san a wuri ɗaya nake takawa. Ko manhajar jabu ce? Daga mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Manhajar lafiyarta ƙalau, Alhaji. GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya yake faɗin inda kake a kowace daƙiƙa, mota kuwa in tana gudun kilomita 100 a awa, kusan mita 28 take cinyewa a daƙiƙar nan. Tsakanin awo da awo waya kirdado kawai take yi. Nemi ɗan akwatin GPS mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, wanda yake awo sau 10 ko 25 a daƙiƙa. Mai sau 10 ma ya rage giɓin zuwa ƙasa da mita 3.

Amma wannan "na san a wuri ɗaya nake takawa" ita ta tsaya min a rai. Kowane direba haka yake rantsuwa, har ranar da aka nuna masa zanen gudunsa, wato layin da manhajar ke zanawa na hawa da saukar gudun mota. Abin da ke ƙona min rai shi ne mutum ya kashe kuɗi ya sayi na'ura, ya gama zagaye, ya kalli lokacin da ya yi, ya tura wa abokai a WhatsApp, shi ke nan. To me aka yi? Agogon hannu ma zai ba ka wannan.

Buɗe zanen gudu, ka jera shi bisa nisan hanya, ba bisa lokaci ba, don kowace kwana ta faɗo wuri ɗaya a duk zagayen. Ɗora zagayenka mafi kyau a kan wani matsakaici, ka zaɓi kwana ɗaya tak. In ka ga layin ya fara gangarowa a hankali kafin ya faɗi sosai, ka saki totur ke nan ba ka taka birki ba, mota tana tafiya da kanta kana ta shawara da zuciyarka. A nan 'yan koyo suke zubar da lokaci, ba a rashin kai birki bakin kwana ba.

Sai ka duba ƙarfin tsayawa, wanda manhajar ke rubutawa da g. Motar gida mai tayoyi nagari a busasshiyar kwalta takan kusanci 1g, wato daga kilomita 100 ta tsaya cik cikin mita 39 ko kusa. Mai taka 0.6g sai ya ci mita 65 da ɗoriya. Mota ɗaya, birki ɗaya, ƙafa ce ta bambanta. A titin gari an saba a taɓa birki a hankali sannan a ƙara nauyi. A filin tsere akasin haka ake so: ka danna da ƙarfi tun farko, ka riƙa sassautawa gwargwadon yadda kake juya sitiyari. Sai ka iya wannan sannan ka fara matsar da wurin takawa gaba, kaɗan-kaɗan. Kuma ka riƙa duba gudun fitowarka daga kwanar. In ya ragu, ka yi asara ko da a jikinka ka ji kamar ka burge.

Ka ɗaure wayar tamau. In tana rawa a mariƙinta, rawar za ta auna maka. In kuma ka ga g yana raguwa zagaye bayan zagaye, birkin yana laushi a ƙafa, fita daga fili. Mai yiwuwa man birki ne ya fara tafasa: man birki nau'in DOT 4 sabo yana jure zafi har maki 230 a ma'aunin Salshiyos, amma in ya sha danshi yakan sauko wajen 155.

Tambaya: Na sayi ELM327, 'yar na'urar karanta bayanan mota, na jona a ƙarƙashin sitiyarin Corolla ta, ina ganin gudu da juyin inji, ban ga birki ba. Daga ɗalibi a Samaru.

Amsa: Ba za ka gani ba. Ƙarfin danna birki ba ya cikin bayanan gama-gari da ramin OBD-II, wato inda ka jona na'urar, ke bayarwa. Ɗauki totur daga nan, ka karanta birki daga g.

Tambaya: Wayata tana mutuwa da kanta in na maƙala ta a gilashin gaba ina naɗar bidiyo. Daga Tudun Wada.

Amsa: Zafin ranar Zariya, GPS, kyamara da caji duk lokaci ɗaya, ai ta yi haƙuri da kai. Cire mata riga, cire caja, kawar da ita daga rana.

Tambaya: Zan iya gwada awon birkin nan da asuba tsakanin Kwangila da Samaru, tunda babu cunkoso?

Amsa: A'a. Akwai masu fita masallaci, akwai 'yan acaɓa marasa fitila, akwai tirela a bayanka. Ba zan gaya maka yadda ake saita komai don wannan ba.