Tambaya da Amsa: Me ake gani a Madarunfa, kuma yaushe ya dace a je?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Zariya ne a nan Maradi. Yayana zai turo ƴaƴansa uku daga Yamai su yi hutun ƙarshen Disamba a wurina, mahaifiyarmu kuma ta daɗe tana cewa a kai ta ziyarar waliyyan Madarunfa. Abin kunyar shi ne a Maradi aka haife ni, amma sau ɗaya na taɓa zuwa garin, shi ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ni, ban ko leƙa bakin tafkin ba. Wani abokina ya ce mini ɓarnar mai ce kawai, babu komai can sai ruwa da laka. Don Allah me za mu gani, kuma yaya za mu tsara tafiyar ta yi wa yara da tsohuwa daɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kawo yaran lafiya. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ina kyautata zaton da tsakar rana ya je, kuma a cikin bazara. Duk wanda ya isa bakin Tafkin Madarunfa da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, abin da zai tarar ke nan: ruwa ya ja baya, laka ta tsattsage, masunta sun koma inuwa, tsuntsaye sun ɓuya. Madarunfa ba wuri ne da aka gina domin masu yawon buɗe ido ba, inda za a sayi tikiti a ƙofa a shiga a tarar an jera abin kallo. Gari ne da ke rayuwa da tafkinsa, saboda haka abin da baƙo zai gani ya dogara da watan da ya zo da kuma sa'ar da ya iso. Ku kuwa kun yi dace, domin ƙarshen Disamba yana cikin lokutan da suka fi kyau.

Garin yana kudu da Maradi, tafiyar kimanin kilomita 20 zuwa 25, kuma shi ne babban garin gundumar da ke ɗauke da sunansa. Dalilin da ya sa na ce wata yana da muhimmanci shi ne tafkin ba daga idon ruwa yake samun cikarsa ba, daga ruwan damina ne. Gulbin Gabi, wanda yake tahowa daga ɓangaren Najeriya, shi ne babbar hanyar ruwansa, kuma tafkin yana cikin kwari ɗaya da Gulbin Maradi, wanda shi ma a ƙasar Katsina yake farawa, ya yi gwiwa a cikin Nijar, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa yana shiga, tafkin ya tumbatsa har ya haura cikin itatuwan bakinsa, daga nan kuma sai rana da iska da masu ban ruwa su yi ta rage shi har wata daminar. Ana ƙiyasta faɗinsa da kusan hekta 800 idan ya cika, sannan ya yi ta tsukewa. A Disamba ruwan yana nan da yawa, hanya ta bushe, sauro ya ragu, sanyin hunturu kuma yana barin mutum ya yi yawo ba tare da ya galabaita ba. Ka tambayi Hajiya a hanya ko iyayenta sun ba ta labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin kwari har aka tayar da mutane aka mayar da su kan tudu. Yara su ji cewa ruwan da za su gani ɗan'uwan wancan ne, ko da yake tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a farkon shekarun 1990 Gulbin Maradi ba ya zuwa da irin ƙarfinsa na da.

Shawarata ta farko ita ce ku bar gida da zarar gari ya waye, ku isa bakin ruwa kafin rana ta ɗaga. Wannan sa'ar ita ce ta masunta. Za ku ga kwalekwale suna dawowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin hazo, waɗanda suka kwana da kalli a ruwa suna janye shi suna zare kifi daga raga, mata masu sari kuma suna tsaye da robobinsu, ana ciniki tun jirgi bai taɓa ƙasa ba. Ku nemi mai jefa birgi ku tsaya ku kalle shi da kyau. Yakan tattara ragar a kafaɗa da hannu ɗaya, ya ɗan karkata, ya juya ƙugu, sai ka ga ta buɗe a sama kamar faifai ta faɗa ruwa gaba ɗaya, dalmar da ke bakinta ta ja ta ƙasa. Na sha ganin yaran birni sun yi tsit a wannan wuri, su da ba sa ajiye waya. Kifin da aka fi kamawa karfasa ce da tarwaɗa, akan kuma dace da giwan ruwa. Idan an fito da gaiwa, to darasi ya samu a kyauta: ita ce kifin da yake shaƙar iska, idan ruwa ya ƙafe ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina ta yi watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwa ya dawo. Daga nan Bahaushe ya samo zancen gaiwa mai cin jikinta. A bakin ruwan da cikin gari akwai masu suya, kuma karfasar da aka kama da asuba aka soya da hantsi aka barbaɗa mata yaji ba ta da haɗi da wadda ta kwana a ƙanƙara.

Game da shiga jirgi, ana samun masuntan da za su zaga da baƙo, amma a nan ina da tsauri. Ku fara gaida sarkin ruwa ko wani dattijo daga cikin masunta, shi zai haɗa ku da wanda ya san ruwan. A gama maganar kuɗi tun ana tudu, kada a cika jirgi, kada yaro ya miƙe tsaye a ciki, kuma kada a yi nisa da gaɓa, domin da wuya ka samu rigar da ke hana nutsewa, iskar hunturu kuma takan tashi da hantsi ta tayar da igiyar ruwa. Hajiya dai a shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

Abin da ya fi jan hankalina a Madarunfa, wanda kuma yawancin mutanenmu suke wucewa ba su lura ba, tsuntsaye ne. A 2019 aka sanya tafkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a 1971 a wani gari mai wannan suna a ƙasar Iran, kuma filin da aka yi wa rajista ya ɗan haura hekta 500. Tsuntsayen ruwa suna cikin manyan dalilan hakan. Akwai na gida, irin su kirinjijiya mai farar fuska wadda za ka ji fitonta kafin ka gan ta, da zalɓe da yake tsayawa cikin ruwa kamar an dasa shi yana jiran kifi, da balbela da ke bin shanu idan Fulani sun kawo su shan ruwa. Akwai kuma baƙi, waɗanda suke tserewa sanyin Turai su ƙetaro teku da Hamada su sauka a tafkunan Sahel daga wajen Oktoba zuwa Maris. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da za ku ga suna tsattsagar laka a bakin ruwa, da yawansu sun yi tafiyar dubban kilomita kafin su iso. Shamuwa ce kawai ba za ku gani ba, domin ita sai damina ta gabato take zuwa. Idan akwai wanda zai ara muku madubin hangen nesa, ku tafi da shi, ku kuma hana yara jifa da ihu.

A gefen tafkin akwai gandun dajin da hukuma ta keɓe, mai faɗin sama da hekta 800, inda har yanzu ake ganin manyan itatuwan da suka yi wuya a gonakinmu: tsamiya, kanya, kuka, bagaruwa, da giyayya wadda take son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Ku nuna wa yara gawo, wanda a Disamba yake kore shar alhali sauran itatuwa suna kaɗe ganye, da damina kuma ya tsaya tsirara, abin da ya sa manoma ke barinsa a gona don ba ya tare wa gero rana. Ba a sara ba a farauta a gandun, kuma ya fi kyau a sanar da ma'aikatan gandun daji kafin a shiga.

Sai maganar da ta fi damun Hajiya. Abin da aka gada a bakin mutanen garin shi ne waliyyai 99 ne suke kwance kewaye da tafkin, kuma mutane suna zuwa ziyara daga sassan Nijar da arewacin Najeriya. A 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sunan wurin, gandun daji da tafki da kaburburan a haɗe, cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Wannan jerin share fage ne, ba amincewar ƙarshe ba, kada wani ya ce muku an gama. Kada kuma ku sa ran ganin ƙubbobi masu ado, ko a ƙirga muku 99 ɗaya bayan ɗaya a yini guda. Wurare ne masu sauƙin gini, a warwatse, wasu kusa da gari wasu da nisa, saboda haka ga tsohuwa, wurare biyu ko uku mafi kusa sun isa. Ku nemi mai kula da wurin ya yi muku jagora, a cire takalmi inda aka ce a cire, a rage murya, kada a ɗauki hoto sai an nemi izini, kuma a tambaye shi inda mata suke tsayawa. Na san a Maradi malamai sun sha bamban kan wannan ziyara, akwai masu yi akwai masu hanawa, kuma wannan ba fagena ba ne. Abin da zan ce kawai shi ne kada a kai muhawarar can. Wanda ya je addu'a ya yi addu'arsa, wanda ya je ganin tarihi ya gani ya kama bakinsa.

Akwai abubuwa biyu da ba zan ɓoye maka ba. Na farko, kada yara su yi wanka ko su yi ta wasa a cikin ruwan, komai roƙon da za su yi, ko da sun ga yaran gari suna ninƙaya. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ne matattarar tsargiya: tsutsar tana girma a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Tana da magani a likita, amma ba tsarabar da za ka mayar wa yayanka Yamai ba ce. Ku tafi da ruwan shanku daga gida. Na biyu, tsaro. Shekarun nan ƙauyukan kan iyaka na wannan gunduma, musamman wajen Gabi da dajin Baban Rafi, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Garin Madarunfa da bakin tafkinsa wani abu ne daban da cikin dajin, amma duk da haka ka kira wani da ka sani a garin kwana ɗaya kafin tafiya ka ji halin da ake ciki, kowa ya riƙe katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro, kada ku zarce kudu don son ganin ƙarin wuri, kuma ku kama hanyar gida da la'asar sakaliya. Kwana a Maradi za ku yi.

Idan lokaci ya ragu a dawowa, ku ratsa ta Jiratawa ku ga filin noman rani da ake ba ruwa da injina tun shekarun 1980, inda zogalen da ake kwaɗantawa a gidajen Maradi da yawa yake fitowa. Hajiya za ta so ta saye shi ɗanye daga hannun masu lambu. Ka sa buhu da kwando a bayan mota tun daga gida, da wata roba mai murfi saboda kifi, sannan ka tanadi rigunan sanyi ga yaran, domin iskar bakin ruwa da asubar Disamba ta fi wadda suka saba da ita a Yamai kaifi.